Mai Riƙon Takalma

A gidanmu ba a taɓa saya wa yaro takalmin Sallah daidai ƙafarsa ba. Idan azumi ya kai ashirin, Inna za ta jera mu a tsakar gida, ta zaro tsinken tsintsiya, ta auna ƙafar kowa daga dunduniya zuwa babban yatsa, ta karya. Tsinkayen nan ne ke tafiya kasuwar Sabon Gari a ƙulle a gefen mayafinta, mu muna gida muna jira. Idan ta isa gaban mai takalma kuma, sai ta ƙara faɗin yatsu biyu a kan kowane tsinke, don takalmin ya kai baɗi. Ranar Idi a cusa mana tsohuwar jarida a bakin takalmin, mu fito muna fat-fat kamar 'ya'yan agwagwa, amma duk unguwar nan ba wanda ya kai mu ƙasaita.

Ta dalilin takalman nan na san Kawu sosai.

Kawu ƙanin Inna ne, tela ne, shagonsa yana bakin layinmu. Duk wanda ya taɓa maƙwabtaka da tela ya san goman ƙarshe na azumi ba kwanakin barci ba ne a wurinsa. Ƙarar kekensa na ƙafa ba ta tsayawa daga bayan asham har sahur. In an ɗauke wuta ya kunna fitilar ƙwai ya ci gaba, masu kaya kuma suna jere a kan benci, wasu har asubar Idi, kowa yana cewa nasa za a fara. Saboda haka ana saukowa daga Idi a Ƙofar Mata, Kawu zai shige ɗaki ya ja ƙofa. Washegari ma, duk garin na tururuwa kallon hawan Daushe, shi barci yake yi. Amma rana ta uku, ranar hawan Nassarawa, wannan tamu ce. Tun da hantsi za ka ji sallamarsa a zaure, idanunsa jajur, da ɗan zare maƙale a hularsa, yana cewa, "Ina mutanen Gidan Zoo? Wanda bai shirya ba mun tafi."

Wadda na fi tunawa ita ce ƙaramar Sallar 1990. A ƙarshen Afrilu ta faɗo, lokacin da Kano ke tafasa, kwalta tana laushi a ƙarƙashin ƙafa. Shekarata tara. Mu bakwai ne: Yaya, ni, ƙannena maza biyu, Auta wadda ba ta wuce shekara huɗu ba, da 'ya'yan Gwaggo biyu. Dukkanmu yadi ɗaya muka sa, wani kore shar mai ɗaukar ido, don Kawu ne ya zaɓo shi kuma shi ya ɗinka. Da Inna ta yi ƙorafin cewa korensa ya yi yawa, sai ya ce, "Yaya, bar shi haka. Ko a filin Arfa yaran nan suka ɓace, ina hango yadin nan zan gane nawa ne."

Kuɗin barka da Sallah da muka tara kwana biyu muna zaga dangi yana hannun Yaya, shi ne ma'aji. Sisi da sule ne suka fi yawa, sai takardun sulai biyar, sai 'yan naira ɗai-ɗai. Murtala, wato naira ashirin, ita ce babbar takarda a ƙasar nan a lokacin, don hamsin ba ta fito ba sai 1991, kuma yaro ba ya ganin Murtala sai daga nesa a hannun manya. A bakin titi muka tari hayis, kwandasta na lilo a ƙofa yana kiran Gidan Zoo. Kawu ya yi ciniki, ya biya kujera huɗu, aka ɗora wani a cinyar wani, muka fita ta Ƙofar Ɗan Agundi muka nufi Gandun Albasa.

Bakin ƙofar shiga ba masaka tsinke. Masu rake, masu zoɓo da ƙanƙara a cikin kula, masu balan-balan, masu gilashin roba ja da shuɗi, masu agogon da allurarsa ba ta motsi, 'yan mata da lalle har gwiwar hannu, samari da sababbin huluna. Kawu ya jera mu, kowa ya kama rigar na gabansa, shi yana gaba da Auta a kafaɗa. Kuma bai taɓa ƙetare ƙofar nan bai ce "Allah ya jiƙan Audu Bako" ba. Shi yana saurayi aka buɗe wurin, a farkon shekarun 1970, zamanin da Audu Bako ke gwamnan Kano, daga 1967 zuwa 1975. In ya fara ba ya tsayawa sai ya haɗa da madatsar ruwa ta Tiga da Bagauda. Mu kuwa kunnenmu ba ya wurinsa, don tun daga ƙofa muna jiyo ƙarar ƙarfe da ihun yara daga can ciki.

Dokar Kawu ita ce dabbobi tukuna. Muka bi su da sauri. Zaki yana kwance ya ba mu baya, ko jelarsa bai kaɗa ba duk ihun da ake yi masa. Kura ta cika wurin da wari. Jimina ta leƙo ta saman waya tana kallon maɓallan rigar Yaya. Kada kamar gungumen icce a bakin ruwa. Birai ne kawai suka kula mu, su ma don gyaɗar da ke hannunmu.

Sannan lilo.

Mun san lilo tun a gida. Igiya ce a reshen darbejiyar ƙofar gidan mai unguwa, da guntun katako, mutum ya tura ka ka tura shi. Amma wannan wani abu ne daban. Wani dogon ƙarfe ne a tsakiya, da rumfa a samansa kamar laima, kujeru na rataye da sarƙa a kewaye. Fentinsa ja da rawaya ya kwaile a wuraren da hannaye suka saba kamawa. Rana ta gasa kujerun har sai ka ɗosana ka ɗaga sau biyu kafin ka iya zama. Wasu samari biyu ne ke kula da shi, ɗaya yana karɓar sulalla yana zubawa a aljihun gaban rigarsa, ɗaya yana bi yana maƙala wa kowa 'yar sarƙar da ke tare ciki. Da farko a hankali yake tafiya, ƙafarka tana jan ƙasa, har ka fara raina shi. Sai ka ji ƙasar ta sulale ta bar ka. Sarƙar ta miƙe, kujerar ta karkace ta yi waje, iska ta cika maka riga ta baya ta zama kamar buhu, kan mutane ya koma ƙasa da tafin ƙafarka. Cikinka ya yi wani irin sanyi. Ba ka san lokacin da bakinka ya buɗe ba, sai dai ka ji muryarka cikin ta sauran yara ana cewa, "A ƙara! A ƙara!"

A zagaye na uku takalmin ƙanina na dama ya fita. Na gan shi da idona, ya tashi sama da jaridarsa, ya yi juyi biyu, ya sauka tsakiyar farantin wata tsohuwa mai dafaffiyar gyaɗa. Tsohuwar ta miƙe tana salati, tana duban sama, tana tambaya wa ya jefe ta. Kafin lilon ya tsaya, na ɗiyar Gwaggo ma ya bi sahu, ya faɗa bayan wani mai rake. Da muka sauko muka tarar da Kawu a tsugune yana tsince gyaɗa daga ƙasa yana ba tsohuwar haƙuri. "Iya, yi haƙuri, jikokinki ne. Takalmin baɗi ne, bai saba da ƙafar ba tukuna." Dariya ta ƙwace mata. Ya sayi gwangwani biyu na gyaɗar, ta ƙara masa gyara.

Daga nan doka ta biyu ta fito: ba mai sake hawa da takalmi. Kawu ya zaro wani dogon ƙyalle daga aljihu, ragowar koren yadin nan ne, don aljihun tela ba ya rabo da ƙyalle. Ya zura shi cikin takalmanmu ɗaya bayan ɗaya, ƙafa goma sha huɗu, ya ƙulle bakin, ya rataya a wuya. Haka ya tsaya a bakin shingen, cikin rana, da carbin takalma a ƙirji.

Sau huɗu muka hau a ranar. Kowane zagaye ina ganinsa: ga Kawu, ya wuce, ga bishiya, ga mai balan-balan, ga bayan kejin birai, ga Kawu kuma. Sai tausayinsa ya kama ni. A raina na ce, wannan bawan Allah ya kwana goma bai yi barci ba, ya kawo mu har nan, ga daɗi a gabansa, shi kuma an bar shi da gadin takalma. Da muka sauko na lalubo sule biyu da na ɓoye wa Yaya, na miƙa masa. Na ce, "Kawu, ga nawa, kai ma ka hau sau ɗaya. Ni zan riƙe." Ya dube ni, ya dubi sulallan, ya naɗe min yatsuna a kansu. Ya ce, "Riƙe abinka, ɗan nan. Ni daga nan nake hawa." Ban gane ba. Na ɗauka kunya yake ji.

Sauran kuɗin ya tafi a alewa da gullisuwa da tuwon madara, da wani askirim da ya narke ya gangaro har gwiwar hannu kafin a kai shi baki. Mai hoto ya jera mu a gaban wata bishiya, ya ce a dawo bayan kwana uku. Hoton yana nan a jakar Inna har yau, koren ya koɗe ya zama ruwan toka, dukkanmu ba takalmi, Kawu a gefe da kayansa a wuya. Auta ta yi barci tun kafin mu kai bakin titi.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni ban yarda da maganar nan gaba ɗayanta ba. Ina jin daɗin bana, alhamdu lillahi, kuma ina tuna bara, don wani daɗin ba ya nuna sai ya kwana biyu a ajiye. Ranar Gidan Zoo ba ta taɓa barin gidanmu ba. A 2019, da labari ya zaga duniya cewa wai goggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan bakwai na kuɗin shigar Sallah a can, har gwamna ya fito ya ce ai ba goggon biri ma a gidan, zauren danginmu na WhatsApp bai yi barci ba. Bayan 'yan watanni kuma, a Oktoba, zaki ya kuɓuce daga kejinsa, aka same shi a wurin awaki ya yi musu ta'adi. Yaya, wanda yanzu furfura ta cika masa gemu, ya rubuto cewa, "Shekara talatin muna yi masa ihu ya tashi, ashe sai yanzu ya ji."

Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, shi ya sa Sallah ke ja da baya a kowace shekara: ta bar zafi ta shiga hunturu, ta bar hunturu ta shiga kaka, ta ratsa damina, sai bayan shekara talatin da uku ta dawo inda ta taso. Ban taɓa lura da lissafin nan a jikina ba sai 2023, da aka yi ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilu. Na fito daga masallacin Idi, zafin ya dake ni a fuska, ƙamshin sabuwar shadda da ƙura suka haɗu, sai na ji kamar an buɗe wata tsohuwar akwati. Irin ranar nan ce sak. Sallah ta yi zagaye ɗaya cif ta dawo ta same ni ina da shekara arba'in da biyu. Da na ƙirga, sai na ga na girmi Kawun 1990 da shekara bakwai. Mutumin da muke gani dattijo, ashe ko arba'in bai kai ba.

Rana ta uku na tara yara shida: nawa uku, na Auta biyu, da jikan Yaya ɗaya. 'Ya'yan Auta Kawu suke ce min, kuma sunan yana yi min nauyi mai daɗi duk lokacin da na ji shi. Su suka zaɓi wurin, ɗaya daga cikin sababbin wuraren wasan da suka yawaita a gari. Abubuwa sun canza. Ba mai aljihun sulalla, sai wata yarinya a bayan gilashi da na'urar POS, a ɗaura wa kowane yaro takarda a wuyan hannu. Ga motocin da ake karo da su, ga jirgin ƙasa mai zagaye, ga ƙaton gidan iska da ake tsalle a ciki, janareto na ruri a baya. Iyaye kowa da waya a ɗage. Amma can a ƙarshen filin sai ga shi, lilo mai sarƙa, ya fi namu tsayi da kyan fenti, da fitilu a rumfarsa, amma shi ne.

'Yar Auta ce ta kama hannuna. "Kawu, Mama ta ce da kai ne gwanin wannan. Don Allah ka hau tare da mu." Sauran suka ɗauka. Ni ma, gaskiya, raina yana so. Shekara talatin da uku ina ɗauke da sanyin cikin nan, ina son in sake jin sa ko sau ɗaya. Na cire hula na sa a aljihu, na tattare riga, na zauna.

A kujerar da ke gefena wani magidanci ne mai jiki, shi ma 'yarsa ce ta jawo shi. Muka gaisa, muka yi wa juna barka da Sallah. Ya karanta addu'ar hawa abin hawa a bayyane, har da shafawa. Da aka fara tafiya yana murmushi yana ɗaga wa matarsa hannu. Da ƙasa ta sulale sai murmushin ya tafi. A zagaye na biyu ya fara salati. A na uku ya ɗaga murya yana kiran yaron da ke kan na'ura: "Ɗan samari! Tsayar! Na yafe kuɗin, wallahi na yafe!" 'Yarsa tana bayansa tana ƙyalƙyala dariya tana cewa a ƙara. Da muka sauko ya rungume ni kamar mun dawo daga yaƙi tare, ya ce, "Malam, Allah ya raba mu da biye wa yara."

Ni kuwa na samu abin da na je nema, na zagaye ɗaya da rabi. Iska ta cika rigar, cikina ya yi sanyin, bakina ya buɗe. Daga nan sai wuyana ya ƙage, sarƙar ta fara cin tafin hannuna, bishiyoyi da mutane suka cakuɗe. Da na taka ƙasa sai ta ƙi tsayawa. Na dafa shinge na daɗe kafin na kai kan benci. Da dare maiɗakina, wadda ke koyar da kimiyya a makarantar sakandare, ta bayyana min cewa can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa da ruwa a cikinsu, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya juya. In ka yi ta juyawa ka tsaya, ruwan ba ya tsayawa nan take. Ido ya ce an tsaya, kunne ya ce ana tafiya, gardamar da ke tsakaninsu ita ce jiri. Na tuna muna yara da gangan muke neman wannan gardamar: mu buɗe hannuwa a tsakar gida mu yi ta hajijiya har mu zube, mu tashi mu sake. Jikin da ya yi wancan ya yi min hidima shekaru masu yawa, ya kai ni makaranta, ya kai ni neman abinci, ya ɗauki 'ya'yana a kafaɗa. In yau ya ce ya gaji da juyi, ba ni da abin cewa sai godiya.

Ina kan bencin nan ne yaran suka rugo za su shiga gidan iska, inda ba a shiga da takalmi. Ba wanda ya tambaye ni. Kowa ya tuɓe ya watso min nasa a cinya ya wuce. Ƙafa goma sha biyu. Na ɗaga na jikan Yaya na duba, sai ga auduga a cushe a bakinsa. Daga can suka sake komawa lilo, ba takalmi, ni kuma na tashi na tsaya a bakin shinge da kayan a rungume.

A nan na ga abin da ban taɓa gani daga sama ba. Kowane yaro, in kujerarsa ta zagayo, idonsa ni yake nema. Ɗana na fari, wanda ya fara jin shi babba ne, sai ya saki hannu ɗaya daidai inda nake, don in gani. 'Yar Auta tana kiran "Kawu! Kawu!" tun daga nesa har ta wuce. Ƙaramin cikinsu tsoro ya kama shi, fuskarsa ta yamutse zai yi kuka, amma da ya hango ni sai ya daure har wani zagayen. Sau shida nake hawa a kowane juyi, kuma ƙasa ba ta motsa a ƙarƙashina ba. Ban ɗaga waya ba. Hannuwana a cike suke, kuma ban so in kalle su ta cikin gilashi.

Washegari na je gaishe da Kawu. Ya doshi saba'in yanzu, ido ya yi rauni, ya bar wa yaransa shagon, amma tsohon keken yana nan a zaure an lulluɓe shi da zani. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na ba shi labarin jiya tun daga farko. Da na zo kan magidancin da ya yafe kuɗinsa, ya yi dariya har da tari, sai da na miƙa masa ruwa.

Na ce, "Kawu, ka tuna ranar da na ba ka sule biyu ka hau?"

Ya ce, "Na tuna mana. Waɗanda ka ɓoye wa yayanka."

Na ce, "Ashe ka sani."

"Ni na ɗinka aljihun," in ji shi.

Ya yi shiru kaɗan yana murza carbi. Sannan ya tambaye ni takalma nawa na riƙe. Na ce ƙafa goma sha biyu. Ya girgiza kai ya ce nasa goma sha huɗu ne, saura biyu in kamo shi. Ya tambaya da me na ɗaure su, na ce a hannu na rungume. Sai ya ce in ɗaga zanin da ke kan keken, in jawo 'yar durowar da ke gefe. Na jawo. Ƙyallaye ne a ciki, a naɗe, kala-kala. Ya ce in zaɓi mai tsawo in sa a aljihu, babbar Sallah saura wata biyu da kwana kaɗan.